Wace kuba ce ta fi ba ɓarawo wuya? Ina neman shawara kafin in sa ƙofofi

Sani_Direba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Allah Ya nufa na gama ginin ɗan gidana a bayan Jambutu, nan Garwa, saura ƙofofi da fenti. Ni direban babbar mota ne, tsakanin Ngaundere da Njamena nake, wani lokaci sai in yi kwana goma ban kwana gida ba. Iyali kaɗai nake bari, ita da yara uku. Jiya na shiga shago uku a babbar kasuwa, kowa da abin da yake yabo. Wani ya ce Vachette, wani ya ce Yale, na ukun ya ɗauko mini wata ta Turkiyya, Kale, ya ce ita ake yayi yanzu. Kuɗin ma ya ruɗa ni, don na ga kwali biyu masu suna iri ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya har sau huɗu. Don Allah waɗanda suka sani, wacce ta fi ƙarko, wacce kuma ta fi ba ɓarawo wuya? Ƙofar waje da ta falo na ƙarfe ne, na ɗakuna katako.

Hajiya_Domayo:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka, Ya sa a shiga a sa'a. Ni dai Vachette na sani. Ita ce a ƙofar ɗakin mahaifinmu a Marwa tun ina ƙarama, ga shi har na aurar da 'ya, kuma makullin nan dai shi ke buɗe ta. Ya sha hannu har ya yi santsi, bai taɓa gardama ba. Sayi ita ka huta.

Ali_Kafinta:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma ta ɗakin Baba daban, wadda za a miƙo wa Malam Sani a kasuwa yau daban. Kwali biyun nan da ya gani, suna ɗaya kuɗi daban, ai nan maganar take. Shekara ashirin da ɗoriya ina sa kuba, jabun da ya ratsa hannuna ba ya ƙirguwa. Suna kawai ake bugawa a kwali.

Malam Sani, in ka koma ka ce a ciro maka kanon ɗin, wato ƙarfen da makulli ke shiga. Ka ɗora biyun a tafin hannu, na tagulla zalla ya fi nauyi. Sannan ka ce wa mai shago za ka ɗan karce shi a inda ba a gani, in ya fito rawaya ka biya. Idan cikin ya fito rawaya kamar wajen, tagulla ce. Idan ya fito fari-fari kamar toka, shafe aka yi masa, cikinsa ƙarfe ne mai gautsi, da an murɗe shi zai ɓalle kamar busasshen kara.

Musa_Kuseri:
Ni da maganaɗisu nake gwadawa.

Ali_Kafinta:
Maganaɗisu ba zai raba maka su ba, ƙanena. Ba ya kama tagulla, ba ya kama wancan mai gautsin ma. Karcewar ita ce.

Bappa_Ngaundere:
Bari in ƙara wani abu, don gardamar suna ta yi sauƙi. Vachette kamfanin Faransa ne, a garin Troyes, tun 1864. Yale kuwa daga Amurka ya faro, Linus Yale ƙarami ne ya yi rajistar irin kanon ɗin nan mai 'yan ƙusoshi a ciki da siririn makulli a shekarun 1860, kuma kusan duk abin da muke sawa a ƙofa yau a kan dabararsa aka gina shi. To amma a yanzu Vachette da Yale da Mul-T-Lock ta Isra'ila da Abloy ta Finlan duk uwa ɗaya ke riƙe da su, Assa Abloy, wadda aka kafa a 1994. Bricard ta Faransa da Cisa ta Italiya su ma suna ƙarƙashin wata uwar, Allegion. Kale kamfanin Istanbul ne tun 1953.

Abin da nake so ka gane, kowane ɗayansu yana yin kaya hawa-hawa. Akwai Vachette ta ɗakin kwana, akwai Vachette ta ƙofar da ake tsoron ɓarawo, dukkansu na asali ne. Haka Yale, haka Kale. Ka ɗauko ƙaramar wannan ka gwada da babbar wancan, ba ka yi adalci ba. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce wane hawa ne, ba wane suna kaɗai ba.

Mai_Walda_Yelwa:
Ku yi mini haƙuri manya, ni ta wani gefen zan shigo. Sau nawa ake kirana da sassafe in gyara ƙofar da aka fasa da dare? A cikin waɗanda na gani, kaɗan ne aka taɓa kubar kanta. Ta ƙarshe da na je, a watan azumin da ya wuce, na tarar da kubar lafiya lau, harshenta a waje yadda mai gida ya kulle ta da hannunsa. Ƙarfen cire taya suka zura tsakanin ƙyaure da madogara, suka danna, madogarar ta lanƙwashe ta saki harshen. Mai gidan yana tsaye riƙe da makullinsa yana kallo, ya ce mini kubar ta fi ƙofar kuɗi. Abin ya taɓa ni wallahi, don kayan auren 'yarsa aka kwashe.

Malam Sani, tambayi wanda ya haɗa maka ƙofar kaurin tol ɗin, wato falon ƙarfen, da ya sa. Da yawa 8/10 suke sawa, wanda ko milimita ɗaya bai kai ba, ka danna da gwiwa ya lotsa. Ƙofar falo ni ba na yin ƙasa da 15/10, wato milimita ɗaya da rabi, in mai gida zai iya 20/10 ya fi. Sannan madogara: a yi mata ƙafafun ƙarfe aƙalla uku kowane gefe, a binne su cikin bango, a cika ramin bulon da ke kewaye da kankare. In bulon hoto ne kawai, ciki rami, ƙofar da madogararta tare za su fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sani_Direba:
Usoko ƙwarai, Mai Walda. Ban taɓa tambayar kaurin tol ba, fenti da ado kawai na duba. Ƙofar ba a kafa ta ba tukuna, tana jingine a falo. Akwai abin da za a iya ƙara mata?

Mai_Walda_Yelwa:
Akwai. A ƙara faranti mai kauri a daidai inda kuba za ta zauna, ciki da waje, sannan a bi bakin ƙyauren da ƙarfe mai kusurwa daga sama har ƙasa, ya rufe tsagar da ake zura ƙarfe. In ta waje ƙofar take buɗewa, pomel ɗin, wato ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kansa, yana waje ke nan, to a walda gajerun roduna biyu a gefen ƙyauren, a huda musu rami a madogara. Ko an yanke pomel, ƙyauren ba zai ɗagu ba.

Ummu_Khadija:
Ni kam ta kubar aka shigar mana, don haka kada a ce kuba ba ta da muhimmanci. Muna haya a Kuseri lokacin, mun haye gadar Ngeli mun je suna a Njamena, kafin la'asar mun dawo. Na tarar da rabin kanon ɗin a ƙasa gaban ƙofa, an karya shi gida biyu. Maƙwabciyata tana tsakar gida tana wanki, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta rantse ba ta ji komai ba, kuma na yarda da ita. Keken ɗinkina da 'yan kunnen da Inna ta bar mini suka tafi. Har yau in na tuna 'yan kunnen nan sai zuciyata ta yi nauyi. Abin da na lura daga baya, kanon ɗin ya leƙo waje sosai, kusan faɗin yatsa, tun ranar da muka shiga gidan.

Injiniya_Bello:
Allah Ya mayar da alheri, Ummu Khadija. Abin da kika lura da shi shi ne ainihin matsalar. Irin kanon ɗin da muke amfani da shi a Kamaru da Chadi na tsarin Turai ne, dogo, bakin makulli biyu, kuma a tsakiyarsa akwai ramin da dogon sukuru ke shiga ya riƙe shi. A nan ƙarfen ya fi siranta. In kan ya leƙo waje har aka sami abin kamawa, a nan tsakiyar yake karyewa, ko na wane kamfani ne, in dai ba irin wanda aka ƙarfafa musamman ba.

Shi ya sa ake sayar da shi da awo: 30/30, 35/35, 30/40 da sauransu. Lambobin milimita ne daga ramin sukurun zuwa kowane baki. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada ya wuce fuskar ƙofa da fiye da milimita 3. Mu kuwa a nan duk wanda aka samu a shago shi ake cusawa. Malam Sani, sai an gama ƙara farantin da Mai Walda ya faɗa sannan a auna, don farantin zai canza kaurin ƙofar.

Game da tambayarka ta farko, a kayan Faransa akwai alamar A2P, wadda cibiyar CNPP ke bayarwa bayan gwaji. Tauraro ɗaya na nufin kubar ta jure minti 5 a hannun masu gwajin fasawa, biyu minti 10, uku minti 15. Vachette da Bricard da Fichet duk suna da masu wannan alama.

Danladi_Gider:
Minti 15 kacal? Duk tsadar nan? To ai ba ta hana komai ba ke nan.

Injiniya_Bello:
Minti 15 a hannun ƙwararru da kayan aikinsu, ba tsoro, ba gudun hayaniya. Ka kwatanta da abin da ya faru gidan Ummu Khadija, inda mai wanki a bayan katanga ba ta ji motsi ba. Ɓarawo lokaci da shiru yake nema. Babu kubar da ba ta fasuwa, amma wadda za ta tilasta masa bugu da guduma a unguwar da mutane ke kwana a tsakar gida lokacin zafi ta yi aikinta.

Alhaji_Pumpumre:
Injiniya, bayaninka ya yi, sai dai ka faɗa masa gaskiyar aljihu. Mai tauraro uku ta asali, mai harshe uku ko biyar, kafin ta iso Garwa daga Duwala kuɗinta ya sayi ƙofofin ɗakunansa duka. Mutumin nan yanzu ya fito daga gini. Ni ƙofar Turkiyya na sa a gidana, da Kale ɗinta a jiki ta zo, shekara shida ke nan, ba ni da ƙorafi. A shagona kuma Cisa ce. A ganina matsakaiciyar ta asali a kan ƙofa mai ƙwari ta fi babbar da za ta cinye kuɗin ƙofar.

Hajiya_Domayo:
To ni dai ban sauka daga Vachette ba. Ali Kafinta ya ce akwai jabu, na yarda, sai a nemi ta asalin. Araha ba ta ado.

Abakar_Dembe:
Daga Njamena nake gaishe ku. Duk kun manta da babban abokin gabar kuba a ƙasarmu: ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busa, ƙurar nan mai laushi kamar gari tana shiga ramin makulli. Sai kuba ta fara tauri, sai yaro ya ɗebo baƙin man inji ya ɗura. Kwana biyu ta yi laushi, bayan wata guda man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, 'yan ƙusoshin ciki su maƙale, a murɗa da ƙarfi makulli ya karye a ciki. Sai a ce kamfanin ne ba shi da kyau. Ni abin da nake yi, in goga bakin fensir a jikin makulli har ya yi baƙi, in zura in fitar sau da yawa. Busasshe ne, ba ya tara ƙura. Kuma ƙofar waje a yi wa ramin makullin ɗan murfi, ko na fatar taya ne.

Bappa_Ngaundere:
Maganar Abakar ta tuna mini da Abloy. Ita ba ta aiki da ƙusoshi da sifirin, 'yan fayafayai ne a ciki masu juyawa, wani Emil Henriksson ne ya ƙirƙiro ta a Finlan a 1907. Rashin sifirin ɗin ya sa ta fi jure datti. Amma samunta a arewa da wuya, yanka makullinta ya fi wuya.

Malam_Garba:
'Yan uwa, ina karanta ku tun ɗazu. Duk wannan sababi ne, Allah ne Mai tsarewa. Kada mutum ya bar addu'ar fita da ta shiga gida, kada kuma ya ɓata da maƙwabci. A unguwarmu ta Lofere, baƙo ba ya tsayawa ƙofar wani minti biyu ba a tambaye shi wa yake nema ba.

Ummu_Khadija:
Haka ne Malam. Amma Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Kuma bayan Jambutu sabuwar unguwa ce, wataƙila tsakaninsa da maƙwabci akwai fili biyu da ba a gina ba.

Sani_Direba:
Haka yake, Yaya. Gabas da ni kango ne, yamma gonar masara. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Young_Faruk:
Kawu Sani, me zai hana ka sa ta zamani mai karanta yatsa ko lamba? Yale ma suna yinta. Ba ruwanka da makulli, kana Mundu ma za ka ga an buɗe ko ba a buɗe ba a wayarka.

Abakar_Dembe:
Ɗana, ka taɓa dafa ƙofar ƙarfe mai kallon yamma da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu? Hannu ba ya zama a kai. Batir da gilashin yatsa a wannan zafin da ƙura, ban yarda da su ba. In ta lalace kuma wa zai gyara a Garwa?

Young_Faruk:
Baba, suna zuwa da makullin ko-ta-kwana ai, kuma batirin yana gargaɗi kafin ya mutu. Amma na yarda, a ƙofar waje da rana ke duka ba zan sa ba. A ƙofar falo mai rumfa zan iya.

Ali_Kafinta:
Mu dawo kan makulli, don akwai abin da ba a taɓo ba. Malam Sani, kubar da aka sa lokacin gini ba ita ce kubar zama ba. Magina, masu fenti, mai wuta, mai famfo, duk makullin zai bi ta hannunsu. Ba na zargin kowa, ni ma ma'aikaci ne, amma makulli na yau da kullum a bakin kasuwa ake yanka irinsa kafin ka gama shan shayi. Ka sa kanon mai araha yanzu, ranar da za ku tare ka cire sukuru ɗaya ka zura na kirkin da ka ɓoye a kwalinsa. Masu shiga haya ma haka ya kamata su yi. A nan ne masu zuwa da kati suka yi fice, irin su Mul-T-Lock da manyan Vachette, makulli mai ɗigo-ɗigo wanda ba a yanka wani sai an nuna katin.

Alhaji_Pumpumre:
Katin nan kaifi biyu gare shi. Ƙanina ya sa irinta, yara suka zubar da makulli biyu cikin wata uku, sai da aka aika kudu aka jira. In za ka saya, ka tabbata makullan da ke cikin kwalin sun ishi gidan, ka ɓoye ɗaya wurin wanda ka amince da shi.

Maman_Nana:
Ni tambayar da ban ga an yi ba: ita matar gidan fa? Ita za ta kwana bayan ƙofar nan. Mijina ma matafiyi ne. Da dare abin da ke kwantar mini da hankali sakata ce, manya biyu, sama da ƙasa, waɗanda ba su da rami a waje balle a taɓa su. Kuma don Allah a yi tunanin gobara. Wata rana tukunyar gas ta kama mana a kicin, hayaƙi ya cika falo, ƙofa a kulle da makulli, makullin kuma ƙaramin yaro ya ɗauke. Da rarrafe na lalubo shi ƙarƙashin kujera ina jin tarin yara a bayana. Allah Ya kiyaye, amma tun ranar na kafa ƙusa kusa da ƙofa, sama da tsayin yara, nan yake kwana. Tagogi duk da ƙarfe, ƙofa ɗaya, ku tuna da wannan.

Injiniya_Bello:
Wannan magana ce babba, Maman Nana. Akwai kanon mai makulli a waje, ciki kuma ɗan maɓalli ne da ake murɗawa da hannu. Ya dace da ƙofar falo in babu taga ko gilashi kusa da za a zuro hannu. Akwai kuma wanda ke buɗuwa daga waje ko da an bar makulli a ciki, ya dace da mai dawowa tsakar dare. Sai dai in an sa sakata, dole a tashi a buɗe masa.

Maman_Nana:
Gara a tashe ni.

Danladi_Gider:
To ƙofar waje fa? Mu kwaɗo muke ratayawa, Tri-Circle, shi ya cika kasuwa tun daga Mubi har nan.

Musa_Kuseri:
Tri-Circle na Sin ne, kuma shi ma akwai babba akwai ƙarami, akwai na kwaikwayo. Ƙananan na akwati ne da ɗakin kaji. In kwaɗo za a sa a ƙofar waje, a nemi wanda wuyansa ba ya fili, kamar mai zagayen nan na Abus ta Jamus da suke kira Diskus, ko na Viro ta Italiya irin na ƙofar shago, mai sanda a kwance. Almakashin yanka rodi ba ya samun wurin cizo. Amma ni abin da ya sa ba na son kwaɗo a gidan zama, duk mai wucewa ya gan shi a rataye ya san ba kowa a ciki.

Mai_Walda_Yelwa:
Akwai maganinsa. Ana yi masa ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙofa, hannu kawai ke shiga ta ƙasa. Ba a ganinsa, ba a samun dukansa. Kuma zoben da ake ratayawa a walda shi ta ciki, don kwaɗo mai kyau a kan zoben rodi mai milimita 6 ɓarnar kuɗi ce.

Sani_Direba:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwargida duka, ta ce maganar Maman Nana ita ce tata, sakata biyu da ƙusar makulli ba fashi. Yau da safe na kira wanda ya haɗa ƙofar, ya ce 10/10 ya sa, mun shirya zai ƙara faranti da ƙarfen baki kafin a kafa. Ɗakunan ciki zan sa masu sauƙi. Ta falon ce har yanzu ban yanke ba tsakanin Vachette da Kale, don na koma na karce kanon ɗin mai tsadar ya fito rawaya, na Kale ɗin ma rawaya, mai arahar kuwa mai shago bai bari na taɓa ba.

Hajiya_Domayo:
Ɗauki Vachette ɗin, ɗana.

Alhaji_Pumpumre:
Hajiya, in harshen Kale ɗin ya fi tsawo da yawa fa? Malam Sani, ka murɗa kowacce sau biyu a gabanka ka ga iya fitar harshen, ka ƙirga su.

Ali_Kafinta:
Kuma kada ka biya kuɗin kanon tukuna. Bari a gama waldar, ka auna daga ramin sukuru zuwa waje, da kuma zuwa ciki, ka turo mana lambobin biyu a nan. In 10/10 ne da faranti ciki da waje, ina zaton 30/30 zai yi maka gajarta ta gefe ɗaya.